Daga Kik Zuwa Sitata: Tarihin Tayar da Babur da Sana'ar Kanikanci a Ƙasar Hausa

Sana'ar gyaran babur ƙaramar sana'a ce a shekaru idan aka jera ta da ƙira da jima da rini da dukanci, amma a ɗan zamanin da ta yi a ƙasar Hausa ta sauya kama fiye da sau ɗaya, kuma babu inda sauyin ya fi fitowa fili kamar a kan kukan da masu babur ke kai wa bakanike da sassafe, wato babur ya ƙi tashi, ko kuwa ya tashi da ƙyar bayan an sha wuya. Wannan matsala tana da nata tarihi, domin abin da ya fi hana babur tashi a shekarun 1970 ba shi ne ya fi hana shi tashi a yau ba, kuma ilimin da ya wadaci bakaniken wancan zamani, wanda ya dogara da ƙafa da kunne da ido, bai wadaci na yanzu ba tun da aka ɗora nauyin tayar da inji a kan batir da wayoyin da ke kewaye da shi.

Injin fetur ba ya iya tayar da kansa, sai wani ƙarfi daga waje ya fara juya shi. Idan ya juya, fistan, wato curin ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin silinda, yakan zuƙo fetur gauraye da iska, ya matse su, sannan fulogi ya ba da tartsatsin da zai kunna su, daga nan ne injin ke ci gaba da juya kansa. Abubuwa huɗu ke nan ake bukata a lokaci guda, juyi da mai da matsi da wuta, kuma duk baburin da ya ƙi tashi ɗaya daga cikinsu ne ya gaza. Tarihin tayar da babur kusan dukkansa tarihin na farkon ne da na ƙarshen, wato wa zai juya injin, kuma daga ina wutar fulogi za ta fito.

Da yawa daga cikin baburan farko a Turai da turi ake tayar da su. Gottlieb Daimler da Wilhelm Maybach sun ɗora injin fetur a kan keken katako a Jamus a 1885, kuma baburin farko da aka ƙera da yawa don sayarwa, na kamfanin Hildebrand da Wolfmüller a 1894, sai mai shi ya yi gudu da shi har injin ya kama sannan ya yi tsalle ya haye. A 1902 kamfanin Bosch ya fito da magineto mai ƙarfin wuta, wato na'urar da ke samar da tartsatsin fulogi daga juyin maganaɗisu a gefen naɗaɗɗiyar waya ba tare da batir ba, sannan wajen 1910 Alfred Scott na Ingila ya sa wa baburansa kik, ƙarfen da ake takawa da ƙafa a juya inji babur yana tsaye. Haɗuwar waɗannan biyu ita ce ta riƙe babur kusan rabin ƙarni. Batirin dalma da asid ya girme su duka, domin Bafaranshen nan Gaston Planté ya ƙirƙiro shi tun 1859, kuma motar Cadillac ta samu sitata, wato ƙaramin injin lantarkin da ke juya babban inji, a 1912. Kamfanin baburan Indian na Amurka ya gwada hakan a 1914 da wani samfuri mai suna Hendee Special, amma batiran lokacin ba su jure jijjigar hanya ba, suka riƙa mutuwa a hannun masu saye, kamfanin ya janye samfurin bayan shekara guda. A 1960 Honda ta sa sitata a wani nau'in ƙaramin baburinta Super Cub, kuma Harley-Davidson ta sa wa babban baburinta Electra Glide a 1965. Abin lura a nan shi ne tun gwajin farko jijjiga da ƙarancin caji ne suka kayar da batirin babur, kuma su ne dai ke kayar da shi a hanyoyin karkara har gobe.

Babur ya shigo ƙasar Hausa ne tare da jami'an mulkin mallaka da 'yan mishan, yawanci ƙirar Ingila a ɓangaren Nijeriya, kuma a shekarun farko gyaransa yana hannun ma'aikatun gwamnati da kamfanonin da ke shigo da shi. A ɓangaren Nijar abin da ya fi yaɗuwa daga baya shi ne Mobylette, ƙaramin babur mai feda wanda kamfanin Motobécane na Faransa ya fara ƙerawa a 1949, wanda ake tayarwa da tuƙa feda kamar keke, kuma ba ya bukatar batir ko kaɗan. Kusancin irin wannan babur da keke ya buɗe wa masu gyaran keke ƙofa, domin wanda ya iya ɗaure sarƙa da gyara birki da miƙar da gargare bai rage masa komai ba sai sanin kafireta da fulogi.

Shekarun 1970 ne suka mayar da gyaran babur sana'ar jama'a. Kuɗin man fetur ya shigo Nijeriya, kuma ƙarin albashin da ya biyo bayan rahoton kwamitin Jerome Udoji na 1974, wanda aka biya tare da ariyas a farkon 1975, ya sa malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan gona da yawa suka sauka daga keke suka hau babur. Vespa, wadda kamfanin Piaggio na Italiya ya fara ƙerawa a 1946, ta samu karɓuwa ta musamman a wurin malamai da 'yan kasuwa saboda mai babbar riga yana hawanta ba tare da ya ɗaga ƙafa ya tsallake tanki ba. Baburan Japan suka biyo baya da yawa: kamfanin Boulos yana harhaɗa Suzuki a Legas, John Holt yana riƙe da Yamaha, Honda kuma ta kafa masana'antarta a Ota ta jihar Ogun a 1979. A cikinsu akwai Honda CG125, wadda ta fito a 1975, kuma aka tsara ta musamman don ƙasashen da ba a cika canza baƙin mai a kan lokaci ba, aka ba ta tsarin bawul mai sauƙi wanda ke jure sakaci. Wannan inji ya cancanci a riƙe sunansa, domin shi ne kamfanonin China suka kwaikwaya daga baya, kuma jikokinsa ne suka cika garejoji a yau.

Baburan wancan zamani kusan dukkansu na kik ne, kuma wutar fulogin yawancin ƙanana daga cikinsu daga magineto take fitowa, saboda haka bakaniken da aka kawo wa wanda ya ƙi tashi ba ya fara tambayar batir. Yakan taka kik a hankali ya ji nauyinsa a ƙafa, domin kik ɗin da ya faɗa ƙasa babu tirjiya alama ce ta cewa matsi ya zube, ko dai ringin fistan ya cinye ko bawul ba ya rufewa sosai. Idan nauyin ya yi daidai sai ya kwance fulogi ya dubi bakinsa: wanda ya jiƙe da fetur yana nuna mai ya yi yawa ko wuta ba ta zuwa, wanda ya yi baƙi da toka yana nuna kafireta tana ba da mai fiye da iska, wanda ya bushe ƙayau bayan an sha buga kik kuma yana nuna man bai iso ba sam. Daga nan sai ya kankare bakin fulogin, ya mayar masa da hularsa, ya jingina shi da jikin inji, ya kare shi da tafin hannu daga hasken rana, ya sa yaro ya buga kik. Tartsatsi shuɗi mai ƙara lafiya ce, ja ko rawaya mai rauni kuwa sai a buɗe faranti a duba kwantak, wato ƙananan ƙarafa biyu da ke buɗewa da rufewa suna yanke wuta a daidai lokacin da ya kamata fulogi ya ƙyasta. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai rabin milimita ba, kuma gwanin bakanike yakan goge su ya daidaita su da ido da ɗan guntun kwali. Masu Vespa kuma suna da tasu dabarar da kowa ya sani, ta karkata babur gefe na ɗan lokaci kafin a buga kik don mai ya gangara kafireta. Duk wannan ilimi ne na gaske, an gina shi a kan lura, kuma ya dace da injin da aka gina shi dominsa.

Batir a wancan lokaci ƙaramin abu ne mai volt 6, aikinsa hon da sigina da fitilar birki, kuma idan ya mutu babur bai fasa tafiya ba. Saboda haka ilimin batir bai zauna a garejin babur ba, ya zauna a rumfar mai cajin batir, wanda abokan cinikinsa direbobin mota ne da masu rediyo da lasifika a ƙauyukan da babu lantarki. Rabuwar waɗannan sana'o'i biyu ba ta dami kowa ba a lokacin, amma ita ce tushen giɓin da ya bayyana daga baya.

Tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, sabon baburin Japan ya fi ƙarfin ma'aikaci, motocin haya suka yi ƙaranci, masu babur suka fara ɗaukar fasinja don cike giɓin albashi. Sana'ar da ake kira acaɓa a Kano da kewayenta, kabu-kabu a Sakkwato da Nijar, ta bunƙasa a wannan tsakani, kuma ta canza yadda ake amfani da babur gaba ɗaya: abin da a da ake tayarwa sau biyu ko uku a yini ya koma ana kashe shi ana tayarwa a kowace kwana. Daga ƙarshen shekarun 1990 baburan China irin su Jincheng suka shigo da araha, 'yan kasuwar Nnewi da Legas suna kawo su a kwali ana harhaɗawa, daga baya Bajaj Boxer ta Indiya da Haojue da Kasea da ƙananan da ake kira roba-roba suka biyo. Da yawa daga cikinsu sun zo da abubuwa uku da tsohon bakanike bai saba da su ba, wato batir mai volt 12, da maɓallin sitata, da CDI, wani rufaffen akwatin lantarki da ya maye gurbin kwantak, wanda ba a buɗe shi ba a goge shi, sai dai a canza. Hannun bakanike ya rasa abin da zai daidaita, idonsa kuma ya rasa abin da zai gani, domin lalurar ta koma cikin waya.

A nan ya zama dole a san yadda batir ke aiki. Batirin volt 12 ɗakuna shida ne a jere, kowanne yana ba da volt 2.1 ko kusa da haka, kuma a cikin kowane ɗaki akwai farantan dalma iri biyu a nutse cikin ruwan asid. Idan ana jan wuta, asid ɗin yakan haɗu da farantan ya bar musu wani farin gishiri da ake kira salfet, ruwan kuma ya tsinke, idan aka yi caji sai gishirin ya narke ya koma asid. Muddin cajin yana zuwa da wuri babu asara, amma batirin da aka bari a sauke na makonni gishirinsa yakan daskare ya ƙi narkewa, kuma duk inda ya daskare wannan yanki na farantin ya daina aiki ke nan. Cikakken batirin da ya huta yana nuna volt 12.6 zuwa 12.8 a mitar awon wuta, wanda ya nuna 12.2 ya kai kusan rabi, wanda ya sauka ƙasa da 12 kuwa ya kusa ƙarewa, ko da yake fitila za ta iya kamawa da shi. Wannan ne ke ruɗin masu babur da yawa, domin fitila amfiya kaɗan take ja, amfiya kuwa ita ce ma'aunin yawan wutar da ke gudana, alhali sitata tana jan gommai a cikin daƙiƙa biyu ko uku daga batirin da bai wuce amfiya-awa 5 zuwa 7 ba. Batir randa ce, ba rijiya ba: abin da aka zuba masa shi yake bayarwa. Mai zuba masa shi ne kwayil ɗin da ke cikin inji, wanda wutarsa ke bi ta raktifaya, na'urar da ke daidaita ta ta mayar da ita irin wadda batir ke karɓa, kuma idan inji yana gudu da ɗan ƙarfi ya kamata mita ta nuna volt 13.5 zuwa 14.5 a kawunan batir.

Yanayin ƙasar Hausa yana cin batir ta fuska biyu, kuma mutane sun fi ganin ta biyun. Zafin bazara, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai a watannin Afrilu da Mayu, shi ne ke yin ɓarnar: yana busar da ruwan batir, yana hanzarta cin farantai, yana sa batir ya sauke kansa ko ba a taɓa shi ba. Sanyin hunturu kuma shi ne ke tona ɓarnar, domin da asubar Disamba da Janairu baƙin mai yakan yi kauri, fetur ba ya saurin zama tururi, ƙarfin batir kuma yakan ragu, sai sitata ta nemi wuta mai yawa a daidai lokacin da batirin ya fi kasa bayarwa. Wannan ne ya sa ake ɗora wa hunturu laifin da bazara ta aikata. A kan haka aka ƙara ƙurar da ke toshe matatar iska, da gargadar hanya da ke kakkaɓe farantai, da fetur ɗin bakin titi wanda wani lokaci ke ɗauke da ruwa ko datti, da kuma ƙarin kaya da ake rataya wa ƙaramin kwayil, irin su manyan fitilu da hon na mota da lasifika, da cajin waya tun bayan shigowar wayar salula a 2001. Ɗan acaɓan da ke danna sitata a kowace tsayawa yana tafiyar da ba ta wuce minti biyar ba yana ɗiba ne fiye da yadda ake zuba masa, komai ingancin batirin da ya saya.

Bakaniken da ya fahimci sabon tsarin yakan fara da raba matsalar gida biyu, domin kalmar ƙin tashi tana rufe cututtuka biyu mabambanta. Idan sitata tana juya inji da sauri amma bai kama ba, batir ba shi da laifi, sai a koma ga tsohon ilimi na cok da kafireta da fulogi da tazarar bawul. Idan kuwa juyin ne ke da nauyi, ko aka danna aka ji ƙas-ƙas kawai, to lalurar tana kan hanyar wuta, kuma ana bin ta daki-daki. Ana sa mita a kawunan batir a danna sitata: wanda ya faɗi ƙasa da volt 9.5 ko 10 ya yi rauni, wanda ya tsaya sama da haka alhali sitata tana jan ƙafa yana nuna wutar tana ɓacewa ne a hanya. Wurin farko da ake dubawa shi ne kawunan batir, inda ƙusa kan saki saboda jijjiga, ko wani gari fari ko kore ya taru ya hana wuta wucewa, sai wayar da ke haɗa batir da jikin ƙarfen babur, wadda tsatsa ke ci a ɓoye. Bayan su akwai rile, makunnin da ke sakar wa sitata babbar wuta idan an danna ƙaramin maɓalli, wanda shi ne ke yin ƙarar ƙas, kuma bakinsa na ciki yakan ƙone. A ƙarshe akwai ita kanta sitatar, wadda burushinta, wato 'yan guntayen kabon da ke goga wuta a kan abin da ke juyawa a ciki, kan cinye su gajarce. Ko an tabbatar batir ne ya mutu, aikin bai ƙare ba sai an tayar da inji an auna caji, domin raktifayar da ke ba da ƙasa da volt 13 za ta bar sabon batir ya sauka, wadda ke ba da sama da 15 kuma za ta tafasa shi ta ƙone ƙwan fitila. Mai baburin da aka sayar wa sabon batir ba tare da wannan awo ba, tsugune ba ta ƙare masa ba, zai dawo bayan makonni da kukan da ya zo da shi, kuma sau da yawa sai a ce batirin jabu ne, alhali ba a taɓa bincika abin da ya kashe na farkon ba.

Wasu al'adun gareji da aka gada daga zamanin kwantak da tsofaffin motoci sun zama cutarwa a sabon tsari, kuma ya kamata a faɗe su ƙarara. Ƙyasta waya tsakanin kawunan batir don a ga ƙarfin tartsatsi yana lalata farantai, kuma yana iya fasa batirin da ya fito daga caji, domin caji yana fitar da iskar haidurojin mai kamawa da wuta. Cire kan batir inji yana gudu don a ga ko caji na zuwa yana iya ƙone raktifaya da CDI. Ƙara asid a batirin da ruwansa ya ragu kuskure ne, domin ruwa ne ya ƙafe ya bar asid ɗin, kuma abin da ake ƙarawa shi ne tataccen ruwan da aka samu daga tururi, ba na rijiya ko na leda ba, waɗanda gishirin da ke cikinsu ke gurɓata farantai. Haka nan ɗora ƙaramin batirin babur a kan cajar mota don a gama cikin minti ashirin yana zafafa shi ya lanƙwasa farantansa, alhali ƙa'idarsa a ba shi kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa, wato wajen rabin amfiya, na kimanin awa goma. Sabon batirin da ke zuwa a bushe da robar asid ɗinsa daban ma yana bukatar ya huta bayan an zuba masa, a kuma yi masa cajin farko, amma a shaguna da yawa ana zubawa ne a ɗaura a ba mai shi ya tafi. Rufaffen batirin da ba a ƙara wa ruwa, wanda kamfanonin Japan suka fara sa wa babura a farkon shekarun 1980, ya rage wasu daga cikin waɗannan kurakurai, sai dai shi ma ba ya yafe cajin da ya wuce kima, domin ruwan da ya rasa ba ya dawowa.

Dalilin daɗewar waɗannan al'adu yana cikin yadda ake koyon sana'ar. Uba yakan kai yaro wurin maigidan gareji, ya fara da wankin kafireta da miƙo sifana, ya yi shekaru yana kallo yana kwaikwayo har a yaye shi, kuma wannan hanya ta raya dubban iyalai, ta kuma isar da ilimin inji daga hannu zuwa hannu fiye da yadda kowace makaranta ta yi. Rauninta shi ne abin da maigida bai sani ba yaro ba zai gani ba, wutar lantarki kuwa ba a koyonta da kallo, sai da awo da ɗan lissafi. Hukumomi irin su Asusun Horar da Ma'aikata na ITF, wanda aka kafa a 1971, da Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta NDE, wadda ta zo a shekarun tsuke bakin aljihu da shirinta na koyon sana'a, an kafa su ne don irin wannan giɓi, amma garejin babur na bakin titi ya fi samun sabon iliminsa daga masu wayarin da masu gyaran janareto da 'yan kasuwar kayan gyara, a 'yan shekarun nan kuma daga bidiyon waya. Mitar awon wuta ba ta kai kuɗin batir ɗaya mai kyau ba, kuma rashinta a akwatin bakanike ba talauci ne ke jawo shi ba, rashin wanda zai nuna masa amfaninta ne.

Bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano na lokacin, Alhaji Ado Bayero, a ranar 19 ga Janairun 2013, gwamnatin jihar ta hana ɗaukar fasinja a kan babur a cikin birni, kamar yadda aka riga aka yi a Abuja a 2006, kuma kanikawa da yawa suka koma gyaran A Daidaita Sahu, mai ƙafa uku, wanda ya fi babur dogaro da batir da sitata. A karkara kuwa babur ya ci gaba da zama motar asibiti da ta kasuwa, kuma a can ne darajar kik ta fi bayyana. Yawancin injinan da suka gaji CG125 suna da CDI mai karɓar wuta kai tsaye daga kwayil, saboda haka suna tashi da ƙafa ko batir ya mutu murus. Sababbin samfura masu CDI da ke jiran batir, da masu famfon fetur na lantarki a maimakon kafireta, ba su da wannan sassauci, wasu ma babu kik a jikinsu. Ga mazaunin birni wannan ci gaba ne, amma ga manomin da ke da nisan tafiyar awa guda da mai caji mafi kusa, babur marar kik bai dace da shi ba. Cire tallafin fetur a Nijeriya a watan Mayun 2023 ya kuma ƙara jawo hankali ga babura masu aiki da lantarki zalla, waɗanda batirinsu na litiyam ne, kuma gyaransu duka awo ne.

Akwai sauran magana a kan inda mataccen batir ke zuwa. Dalmar da ke cikinsa tana da kuɗi, don haka 'yan gwangwan suna saye, kuma inda babu tsari akan fasa shi da guduma, a zubar da asid a ƙasa, a narka dalmar a fili kusa da gidaje. Dalma guba ce da ke taruwa a jini tana lalata ƙwaƙwalwar ƙananan yara, kuma jama'ar Zamfara sun ga aikinta a 2010, lokacin da ƙurar dutsen zinare mai ɗauke da ita ta kashe yara sama da 400. A unguwar Thiaroye-sur-Mer da ke gefen Dakar ta Senegal kuwa tsofaffin batiran ne kansu suka yi kisan, inda yara 18 suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 sakamakon dalmar da ta gurɓata ƙasar unguwar. Duk batirin da aka jefar alhali ƙusa ce ta saki ko raktifaya ce ta lalace ƙari ne a kan wannan tsibi. Ƙungiyoyin kanikawa da na masu babur suna da ikon da za su sa auna batir da auna caji su zama sharaɗin yaye kowane yaron gareji, su kuma hana fasa batir a cikin unguwa, kuma ya kamata su yi hakan tun kafin baburan lantarki su cika tituna.